Daren tarihi a gidan kallon Yelwa: na kalli na bam ɗin Hiroshima, ga yadda na ga wurin

Masu tambayata ta WhatsApp kan gidan kallon nan na Yelwa, nan Garwa ta arewacin Kamaru, wanda ya fito da abin da suke kira daren tarihi, bari in amsa a nan gaba ɗaya kowa ya gani. A taƙaice ku je, kuɗinku ba zai tafi a banza ba, amma ku je da hankalinku a jikinku don ba duk abin da mai fassara ya faɗa ne za a haɗiye ba, musamman a daren da suka sa na bam ɗin nukiliya da Amurka ta jefa wa Japan, wanda shi ne ya sa ni wannan dogon rubutun.

Ga wanda bai san wurin ba, asalinsa gidan kallon balo ne, wato ƙwallon ƙafa, irin wanda muka saba, ranar da ake mach na Turai ko ƙungiyar garinmu Coton Sport na wasa ba ka samun wurin sa ƙafa. To daren Laraba in babu wasa sai mai gidan ya sa fim ɗin tarihi, na faransanci ko na turanci, ya rage muryar, wani saurayi ya riƙe makirfo yana fassarawa da Hausa yana ɗan tsoma Fulatanci saboda dattijai, in an gama a kunna fitila a buɗe muhawara. Shiga sefa 200 ne, ana farawa bayan isha'i. A bakin ƙofa akwai mai soya da wata baiwar Allah mai folere, wato zoɓo, mai sanyi, da mai shayi a gefe, duk farashinsu irin na ko'ina ne ba su ƙara komai ba.

Wurin kansa rumfar kwano ce da benci, majigin yana da kyau gaskiya, hoto fes a kan farin ƙyalle ko kana can baya kana gani. Sauti ne matsala, sifika ɗaya ce take aiki sosai, in ka zauna ta hagu sai ka riƙa jin mai fassara kamar daga nesa. Fanka biyu ne kawai, kuma kun san zafin Garwa ba sai na faɗa ba, kwanon nan yana riƙe zafin rana har dare. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a tsakiyar fim amma nan na yaba musu, gurup ɗinsu, wato janareta, a shirye yake, kafin mutane su fara surutu har an tayar an ci gaba daga inda aka tsaya.

Abu biyu ne ban ji daɗinsu ba tun kafin a zo kan maganar bam. Na farko babu wurin mata, ko benci ɗaya ba a ware ba, alhali akwai 'yan mata 'yan lise, wato babbar sakandare, da tarihin yaƙin duniya na biyu yake cikin abin da za su rubuta a jarrabawa, su ma suna da haƙƙin gani. Na biyu kuma ya fi damuna, yara ƙanana ne cike a tabarmar gaba, 'yan shekara bakwai takwas, kuma fim ɗin yana nuna gawarwaki da mutanen da fatar bayansu ta saɓule. Na ga wani yaro ya cusa kansa cikin rigar yayansa ya ƙi ɗagowa har aka gama. Wannan ba daidai ba ne, ko a hana su shiga a irin wannan daren ko a faɗa tun a ƙofa.

Shi mai fassarar wallahi gwani ne, ba zan rage masa ba. Bai yi irin na masu fassarar fim ɗin faɗa ba da suke cika wuri da barkwanci, ya san inda zai yi magana da inda zai yi shiru. Ya bi labarin tiryan-tiryan, yadda aka gwada bam ɗin farko a hamadar New Mexico ranar 16 ga Yuli 1945, yadda aka aika wa Japan gargaɗi daga taron Potsdam a Jamus ranar 26 ga Yuli cewa ta miƙa wuya ba sharaɗi, sai safiyar 6 ga Agusta ƙarfe 8:15 jirgi ɗaya ƙirar B-29 ya saki bam ɗaya a kan Hiroshima, ya fashe a sama kamar mita 600 daga ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare mutum wajen 140,000 sun mutu a garin. Ranar 9 ga wata aka jefa na biyu a Nagasaki, wajen 70,000 suka tafi, kuma asali ba Nagasaki aka nufa ba, Kokura aka nufa, gajimare da hayaƙi suka rufe ta jirgin ya juya. Da ya faɗi wannan sai na ji wani a bayana yana cewa innalillahi, wato gajimare ne ya raba wanda zai mutu da wanda zai rayu.

Akwai inda aka nuna matakalar wani banki, dutsen duk ya yi fari saboda zafin hasken sai wuri ɗaya baƙi inda wani mutum yake zaune yana jiran a buɗe. Saurayin nan bai ce komai ba, ya sauke makirfo ya bar mu da hoton. Mai soya da ya leƙo ta ƙofa da wuƙarsa a hannu haka ya tsaya har naman da ke kan wuta ya fara ƙauri. A wannan wurin na ce lallai yaron ya san aikinsa.

Inda muka rabu da shi shi ne ƙarshen fim. Fim ɗin na faransanci ne kuma ina ji, an yi bayani mai tsawo cewa ranar 8 ga Agusta Tarayyar Sobiyet ta shelanta yaƙi a kan Japan, washegari sojojinta suka afka Manchuriya, kuma masana tarihi da yawa suna ganin wannan ya girgiza shugabannin Japan daidai da bam ɗin ko ma fiye, tunda dama fatansu shi ne Mosko ta shiga tsakani a yi sulhu. Duk wannan saurayin ya dunƙule shi a jimla ɗaya, ya ce Rasha ma ta shigo, sannan ya ƙara nasa da babu a fim ɗin, wai da ba don bam ba da har yau ana yaƙi, dole ce ta sa Amurka. Wanda ba ya jin faransanci, kuma su ne rabin ɗakin, ya tashi da cewa fim ɗin ne ya yanke hukuncin. In kana da ra'ayi ka bari sai an kunna fitila ka faɗa da bakinka kamar kowa, amma kada ka sa shi a bakin fim, mutane sun biya ne su ji abin da aka ce.

Muhawarar ita ce ainihin abin da ya sa nake cewa ku je. Mai gidan da kansa yake raba magana, kuma ya iya, ba ya bari a yi ihu, in ka zarce ya ce Malam a ba wani.

Wani malamin tarihi na lise ne ya fara, kuma ya kare bam ɗin da hujja ba da hayaniya ba. Ya ce ku tuna Japan ɗin nan ba baiwar Allah ba ce, ita ta yi kisan kiyashi a birnin Nanjin na ƙasar Sin a 1937, ita ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor hari a 1941, kuma duk watan da yaƙin ya ƙara mutane suna mutuwa a Sin da Indonesiya da Biyetnam inda yunwar 1945 ta kashe mutane dubu ɗaruruwa. Ya ce a Okinawa kaɗai daga Afrilu zuwa Yuni Amurka ta rasa soja sama da 12,000, fararen hular tsibirin kuma wajen 100,000 suka mutu, to ina ga an shiga Japan kanta kamar yadda aka shirya yi ranar 1 ga Nuwamba? Ya ce ko bam na yau da kullum da aka yi wa Tokyo ruwansa a daren 9 zuwa 10 ga Maris ya kashe wajen 100,000, me ya sa ba a kuka da wannan sai Hiroshima? Ya ƙara da cewa ko bayan bam biyu majalisar yaƙin Japan ta rabu uku da uku, sai da sarki Hirohito ya sa baki, kuma a daren 14 ga Agusta wasu hafsoshi sun yi yunƙurin juyin mulki don a hana sanar da miƙa wuya. Mutanen da suke haka, in ji shi, ba za su tsaya da lallashi ba.

Sai wani dattijo da ke kan kujerar roba kusa da ƙofa ya ɗaga sanda. Ya ce mahaifinsa daga wajen Mubi aka ɗauke shi soja, ya yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, da Japan a ƙarƙashin Ingila, cikin dajin da ruwa ba ya tsayawa, kuma har ya rasu yana cewa bam ɗin nan ne ya dawo da shi gida. Ya dubi samarin ya ce 'ya'yana, da bai dawo ba da ba ku gan ni nan ba. Ba wanda ya iya cewa uffan, ni ma jikina ya yi sanyi, don gaskiya ne Hausawa da sauran 'yan Afirka ta yamma dubbai sun yi wannan yaƙin a runduna ta 81 da ta 82, kuma wanda ya kwana a rami yana jiran harsashi ba za ka zo daga kan benci ka gaya masa bai kamata ya yi murnar ƙarewar yaƙi ba.

Da aka ba ni makirfo na fara da shi, na ce Baba, Allah ya jiƙan mahaifinku, murnarsa halal ce, ba shi ya jefa ba kuma ba a tambaye shi ba. Amma tambayar da ke gabanmu ta waɗanda suka zauna a ofis suka zaɓi gari ce. Kuma ni har yanzu ina kan bakana, bai halatta ba, ba kuma zai halatta ba ko gobe wani ya sake kawo irin wannan lissafin.

Dalilina na farko shi ne wa aka nufa. Eh akwai hedkwatar soja a Hiroshima, ba ƙarya, amma ba bariki aka auna ba, gadar Aioi da ke tsakiyar gari aka auna, bam ɗin kuma ya fashe a saman wani asibiti. Garuruwan da aka sa a jerin an hana a yi musu ruwan bam na yau da kullum tun kafin lokacin don a ga iyakar ɓarnar sabon makamin a gari mai lafiya. A safiyar nan yara 'yan makaranta dubbai suna waje an fito da su aikin rushe gidaje don tare gobara, yawancin waɗanda ke kusa ba su koma gida ba. Akwai 'yan Koriya dubbai da Japan ɗin ta kwaso aikin dole, su da aka zalunta su aka sake ƙonawa. Likitocin garin kusan tara cikin goma sun mutu ko sun ji rauni, wato wanda ya tsira da ƙuna babu mai duba shi. Mutuwar waɗannan mutane ita ce saƙon da ake son aikawa Tokyo, ba kuskure ba ne aka yi a hanya. In ka kashe yaron mutum don uban ya ji tsoro ya ajiye bindiga, mu nan arewa mun san sunan wannan aikin, mun gan shi a hare-haren Boko Haram a kasuwar Marwa a 2015, mun gan shi a Kolofata da Fotokol, kuma ba mu taɓa cewa ya halatta ba don mai yin yana da dalilinsa.

Wani Modibbo da ke gefena ya ƙarfafa wannan fiye da yadda zan iya. Ya kawo hadisin da aka ga wata mace an kashe a fagen yaƙi Manzon Allah (SAW) ya hana kashe mata da yara, ya kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham da ke cikin Muwaɗɗa, kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe wurin da mutane ke zaune, kada a yanka akuya ko raƙumi sai don ci. Wani ɗalibi ya ce Malam ai an yi amfani da manjaniƙ, wato babbar majajjawar jifa da duwatsu, a yaƙin Ɗa'if, kuma dutsen manjaniƙ ba ya tambayar wa zai faɗa wa. Modibbo ya ce ɗana, akwai bambanci tsakanin ka jefi ganuwar da mayaƙa suke ciki wani ya samu rauni ba da nufinka ba, da ka ɗauki abin da ka san ba zai bar kowa ba ka sake shi a kan kasuwa da makaranta da asibiti. Ya ce kuma dutse in ya faɗi ya gama, wannan kuwa yana bin jini. Gaskiya ya faɗa, fim ɗin ma ya nuna yarinyar nan Sadako Sasaki, tana shekara biyu aka jefa bam ɗin, ta tashi lafiya lau har tana tsere a makaranta, sai cutar sankarar jini ta kama ta ta rasu a 1955 tana shekara 12, shekara goma bayan an sa hannu an gama yaƙi. Wane laifi ta yi a Nanjin? Wani Kirista ɗan Ngaundere ya ce su ma haka koyarwarsu take, ba a aikata mugunta don alheri ya fito, ya kuma tuna mana cewa bam ɗin Nagasaki a unguwar Urakami ya fashe, kusa da babbar majami'ar Katolika ta garin.

Dalili na biyu shi ne maganar dole. Malamin lise ya yi kamar hanya biyu ce kawai, ko bam ko a shiga da ƙafa mutum miliyan ya mutu. Wannan adadi na miliyan ya bazu ne bayan yaƙi, a rubutun da tsohon sakataren yaƙin Amurka Henry Stimson ya fitar a 1947 lokacin da mutane suka fara tambaya. Amma tun kafin a jefa akwai masu cewa ga wasu hanyoyi. Masana kimiyyar da suka yi aikin a Chicago sun rubuta rahoto a watan Yuni suna cewa a gwada shi a fili inda ba kowa a gayyato duniya ta gani. Leo Szilard ya tara sa hannun mutum 70 suna roƙon shugaban Amurka Truman kada ya yi amfani da shi kafin a bayyana wa Japan sharuɗɗa ƙarara. Akwai manya a gwamnatin da suka ba da shawarar a gaya wa Japan za a bar mata sarkinta, aka cire wannan daga takardar Potsdam, sannan bayan an ƙone gari biyu aka bar sarkin a kan kujerarsa har ya mutu a 1989. To abin da za ka bayar a ƙarshe me ya hana ka faɗa tun farko? Kuma sun san Sobiyet za ta shigo a watan Agusta, shugabanta Stalin ya gaya musu, mamayar kuma sai Nuwamba, saurin me ake yi? Tsakanin bam na farko da na biyu kwana uku ne kacal, mutanen Tokyo ba su gama tantance abin da ya faɗa wa Hiroshima ba aka ƙara musu. Ko wanda ya kare na farko ban ga yadda zai kare Nagasaki ba.

Kuma ba mu 'yan benci kaɗai muke faɗa ba. Admiral Leahy, babban hafsan da ke kusa da Truman, ya rubuta daga baya cewa makamin na dabbanci ne kuma bai taimaka wa yaƙin da komai ba don Japan ta riga ta karye. Janar Eisenhower, kwamandan sojojin ƙawance a Turai, ya rubuta cewa ya nuna rashin amincewarsa. Binciken da gwamnatin Amurka ta yi da kanta a 1946 ya ce Japan za ta miƙa wuya kafin ƙarshen 1945 ko babu bam ko babu mamaya. Malamin ya ce wannan binciken ana jayayya a kansa, na ce na yarda, amma in dai ana jayayya to kalmar dole ta faɗi, kuma ba a ƙone yara dubbai a kan wataƙila. Shi Truman ɗin ma ranar 10 ga Agusta ya ba da umarni kada a sake jefa wani sai da izininsa, ministansa Henry Wallace ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa abin da ya dame shi kashe yaran nan ne.

Maganar Tokyo da malamin ya kawo kuwa, ni ban ga ta wanke Hiroshima ba. Ƙone Tokyo ma laifi ne. Don an yi ɓarna jiya ba a ce komai ba, ba shi ke halatta ta yau ba.

Sai wani saurayi ɗan moto ya miƙe da zafinsa, ya ce shi ƙanensa soja ne ya mutu a wajen Amcide kan iyakar Najeriya, da Kamaru tana da irin wannan bam ɗin da tuni an sake shi a Sambisa kowa ya huta. Wasu suka tafa. Wani mutumin Kuseri, garin da ke tsallaken kogi da Njamena ta Cadi, ne ya ba shi amsa a hankali, ya ce Allah ya jiƙan ƙanenka, amma a cikin dajin nan akwai 'yan matan Chibok da aka sace a 2014, akwai matan ƙauyukanmu da yaran da aka kwashe da ƙarfi, akwai makiyaya a gefe, kuma iska ba ta san iyaka ba, daga can zuwa Mora nawa ne? Ya ce shi yana yaro a 1980 ya ga mutanen Njamena suna tsallako kogi da tabarmi a ka lokacin da manya suke luguden wuta a kan gari kowa yana cewa so yake ya gama yaƙin da wuri. Ya ce ba a ƙone rumbu don ɓera. Saurayin bai yarda ba amma ya zauna, kuma bayan an tashi na gan su tare a wurin mai shayi.

Abin da fim ɗin bai taɓa ba kuma mai gidan bai kawo ba, wanda nake ganin babban giɓi ne a shirin da ake yi wa mutanen Garwa, shi ne inda abin ya shafe mu. Yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta fara aikin bam da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito, 'yan Afirka suka haƙo da hannunsu ba su san me ake yi da shi ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan Kamaru ta samu 'yanci, Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya, ƙarfinsa wajen ninki huɗu na Hiroshima, kuma taswirar sojan Faransa da aka fitar daga sirri shekaru da yawa bayan haka ta nuna ƙurar ta kai har Njamena. Gwaji 17 suka yi a Aljeriya zuwa 1966. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961 saboda wannan. Ga Arlit a Nijar da aka yi shekaru ana kwasar yuraniyom, ga shi mu ma akwai shi a ƙasa a wajen Poli nan kusa da mu. Afirka ta Kudu ta ƙera guda shida ta wargaza su da kanta, nahiyar kuma ta yi yarjejeniyar Pelindaba a 1996 cewa ba ma so a ƙasarmu. Yau ƙasashe tara suke riƙe da kawunan bam wajen 12,000, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Rasha da Amurka, da yawansu sun ninka na Hiroshima sau da dama, kuma duk mai riƙe da shi hujjar malamin lise ce a aljihunsa, zan kashe da yawa yau don in ceci fiye da haka gobe. In ka halatta wa Truman, da wane baki za ka hana na gaba? Da na faɗi na Reggane mutane da yawa suka juyo, har dattijon nan na Bama ya ce ɗana maimaita shekarar. Irin wannan ya kamata mai gidan ya shirya tun kafin daren, ko minti biyar ne ya faɗa da bakinsa.

Bayan an watse na tsaya na gaya wa mai gidan duk waɗannan, na ce Alhaji abin nan da ka fara alheri ne kada ka bari ya lalace. Ya saurara bai ɗaure fuska ba, ya ce maganar yara zai duba tun wannan makon, maganar mata kuma sai ya yi shawara da masu unguwa don kada a ce ya buɗe wurin haɗuwa, sifika kuwa kuɗi take jira. Mai fassarar ma ya zo, ya ce lokaci ne ya ƙure shi ya taƙaita, na ce taƙaitawa daban ƙari daban, ya yi dariya ya ce zai kiyaye. Ban ji wani raini daga gare su ba, wannan ma abin yabo ne.

In maki zan ba su, hoto da gurup da tsarin muhawara sun ci cikakke, fassara ta ci rabi saboda abin da na faɗa, zafi da sauti da barin yara a gaba sun ja su ƙasa, gaba ɗaya uku da rabi cikin biyar. Wanda zai je ya isa da wuri ya kama bencin dama kusa da fanka, ya zo da canjinsa don yaron ƙofa ba ya da canjin jaka, ya bar ƙananan yara a gida, in kuma yana jin faransanci ya zauna kusa da sifika yana bin fim ɗin da kunnensa don ya gyara wa mutane a lokacin muhawara. Alhajin ya ce mako mai zuwa na yaƙin Aljeriya za su sa, na roƙe shi ya nemo wanda ya taɓo Reggane.